Daga Kankun zuwa kufan Mayawa: wace tafiya ce ta cancanci yininka?

Kankun garin jiya-jiya ne. A 1970 gwamnatin Meksiko ta fara sare daji a wannan lungu na gaɓar tekun Karebiya don ta gina wurin shaƙatawa, otal-otal na farko kuma sai 1974 suka buɗe. Amma ƙasar da aka kafa garin a kanta ta mutanen Maya ce tun fiye da shekara dubu biyu, kuma biranensu na dutse suna nan warwatse a dajin Yukatan, wasu can nesa, wasu a bayan katangar otal ɗin da baƙo yake kwana. Shi ya sa kafin mutum ya gama ajiye jakarsa an miƙo masa takardar talla: Chichen Itza, Tulum, Koba, Ek Balam. Kowanne da hotonsa mai ɗaukar ido, kowane dillali kuma yana rantsuwa cewa nasa ne ba a bari.

Mai kwana huɗu ko biyar ba zai zaga duka ba, ko da zai iya ma ban ba shi shawara ba. Ma'aunin da na fi yarda da shi wajen zaɓe ɗaya ne: a cikin awannin da ka biya wa kuɗi, nawa za ka yi tsaye a gaban ginin, nawa za su tafi a kujerar bas da shagon tsaraba, kuma wane ne zai yi maka bayani. Tafiya biyu suna iya ɗaukar suna ɗaya da hoto ɗaya, amma wannan ya dawo ya ga birni, wancan ya dawo da gajiya da hotuna kawai.

Chichen Itza

Shi ne babban suna, kuma ya ci sunansa. Yana jihar Yukatan, kusan kilomita 200 yamma da Kankun, kwatankwacin Abuja zuwa Kaduna, tafiyar awa biyu da rabi a babban titin da ake biyan kuɗin hanya. Birnin ya yi tashensa tsakanin shekara ta 600 zuwa 1200 miladiyya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, a 2007 kuma aka zaɓe shi cikin sabbin abubuwan mamaki bakwai. Sama da mutum miliyan biyu ke shigarsa a shekara, kuma wannan adadin shi ne tushen yawancin wahalar da baƙo zai sha a can.

A tsakiyar fili dalar Kukulkan, abin bautarsu mai siffar maciji, take, wadda Sifaniyawa suka raɗa wa El Castillo. Tsayinta mita 24, da ɗakin bauta na mita 6 a samanta. Matakala huɗu gare ta, kowace da taki 91, idan aka haɗa da dandamalin sama lissafi ya cika 365, kwanakin shekara. Jagoran da ya san aikinsa zai tsayar da ku daidai gaban matakalar, ya nemi kowa ya yi shiru, ya tafa sau ɗaya. Amsa-kuwwar da za ta dawo daga dutsen wani siririn kuka ne mai gangarowa, shigen na tsuntsun ketsal da Mayawa suke girmamawa. Ka matsa gefe ka bar saitin matakalar ka sake tafawa, sai kukan ya dusashe. Yara ba sa gajiya da wannan, manya ma haka. A cikin dalar akwai wata dala da ta girme ta, inda masu tono suka tarar da karagar dutse mai siffar damisa, an shafe ta da ja an manna mata duwatsu kore. A 2015 kuma masu bincike na jami'ar ƙasar suka gano cewa akwai kogon ruwa a ƙarƙashin ginin. Ba a shiga ciki, ba a kuma hawa. An daɗe da hanawa, wanda ya keta igiya kuwa tara ce.

Wajen 21 ga Maris da 22 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, hasken la'asar yana zana kusurwoyi a gefen matakalar arewa har su haɗu da kan macijin dutse da ke ƙasa, sai ka ga kamar maciji yana saukowa. Dubun dubatar mutane suke taruwa a ranar. Wanda yake garin a wannan tsakanin ya je kwana biyu ko uku kafin ranar ko bayanta, hasken yana fitowa, cunkoson kuma da sauƙi.

Kuskuren da yawancin baƙi ke yi shi ne ƙarar da lokacinsu a dalar. Filin ƙwallo da ke gefenta shi ne mafi girma da aka sani a duk yankin, tsawon mita 168, faɗin mita 70, bangwaye masu mita 8, da zobban dutse can sama. Ƙwallon ɗanko ce mai nauyi, da ƙugu ake dukanta. A gindin bangon akwai sassaƙen ɗan wasa a durƙushe an fille masa kai, macizai suna fitowa daga wuyansa a madadin jini. Daga nan akwai haikalin mayaƙa da jerin ginshiƙansa, akwai El Caracol, zagayayyen ginin da tagoginsa suke saitin wuraren faɗuwar Zara matar wata, sannan wata hanya ta nufi arewa zuwa rijiyar hadaya. Wannan rijiya ba haƙa ta aka yi ba. Ƙasar Yukatan dutsen farar ƙasa ce, ba ta riƙe kogi a sama, ruwa ta ƙarƙashi yake bi. Inda rufin kogo ya rufta sai ruwan ya bayyana, su kuma mutanen wurin su ce masa senote. Faɗin wannan kusan mita 60 ne. Tsakanin 1904 da 1910 wani ƙaramin jakadan Amurka, Edward Thompson, ya yashe ƙasanta ya fito da zinariya, da duwatsu masu daraja, da turare, da ƙasusuwan mutane har da na yara, ya aika da yawancinsu gidan tarihin Peabody na jami'ar Harvard. Duk wannan zagaye ba ya yiwuwa a ƙasa da awa uku idan ana so a fahimci abin da ake kallo.

A nan ne bambancin tafiye-tafiyen yake fitowa fili. Babbar bas mai araha galibi tana fara ɗaukar mutane wajen bakwai na safe, ta bi otal-otal ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a shagon tsaraba inda ake ba masu tafiyar kamasho, ta isa ƙofar kufan rana ta take. Filin dalar babu inuwa. Masu sayar da kaya sun jera tebura a kowace hanya, wasu suna hura wani usur na yumɓu mai gurnanin damisa, jagora kuma yana faɗin magana da Sifaniyanci sannan ya maimaita da Turanci, don haka rabin bayanin kawai ne naka. Awa biyu a ciki, sai abinci, sai wanka a senote, sai ɗan tsayawa a dandalin Valladolid, wani gari da ke kan hanyar, a dawo da kai otal bayan isha'i. Awa goma sha biyu ke nan, biyu kacal a wurin da ka fito dominsa.

Ƙaramar mota mai mutum goma zuwa goma sha biyar da ke tashi da asuba ta fi tsada, kuma ita nake zaɓa ba tare da wani kokwanto ba. Akwai wata dabara da agogo yake ba matafiyi kyauta: jihar Kintana Ro, inda Kankun yake, tana gaban jihar Yukatan da awa ɗaya. Wanda ya bar otal ƙarfe shida da rabi zai isa ƙarfe tara a agogon Kankun, wato takwas daidai a agogon Chichen Itza, lokacin da ake buɗe ƙofa. A wannan sa'ar iska da sanyinta, masu tebura suna kan kwance kaya, kana iya tsayawa a filin ƙwallo ka ji muryar wanda yake ɗaya ƙarshen. Kafin manyan bas-bas su iso kun gama. Sai dai a kula da wayar hannu, tana iya sauya agogo da kanta. A tambayi direba da wane agogo ya faɗi lokacin komawa mota.

Akwai hanya ta uku, mutum ya kai kansa. Bas-bas ɗin ADO suna tashi daga tashar cikin gari, masu tsabta ne da sanyi. Jirgin ƙasa na Tren Maya, da ya fara aiki a Disamban 2023, yana da tasha a Valladolid da Chichen Itza, amma tashar Kankun tana wajen filin jirgin sama, ta Chichen Itza kuma ba a bakin ƙofar kufan take ba, sai an ƙara hawa wata mota. A ƙofar za ka tarar da jagorori masu lasisi, ku yi ciniki, kuma ana samun masu Faransanci ga wanda Turanci bai zauna masa ba. Wannan hanyar ta fi dacewa da wanda zai kwana Valladolid, ya yi sammako daga can. Ko ta wace hanya aka zo, kuɗin shiga kashi biyu ne, na hukumar tarihi ta tarayya, INAH, da na gwamnatin jihar Yukatan, na biyun ma ya fi yawa ga baƙo ɗan ƙasar waje. Tafiyar da farashinta ya faɗi ƙasa warwas sau da yawa ba ta haɗa da wannan kuɗin ba, sai an hau hanya a ce kowa ya kawo. Wata kuma arahar tata sharaɗi gare ta: ka zauna rabin yini ana tallata maka sayen kason ɗaki a wani otal. Ka tambaya tun kafin kuɗinka ya bar hannunka, a rubuta maka a rasit.

Tulum da Koba

Tulum yana kudu, kilomita 130 a titi mai lamba 307, ƙasa da awa biyu. Tashar jiragen ruwa ce ta 'yan kasuwa da ta bunƙasa tsakanin ƙarni na 13 da na 15, bayan Chichen Itza ya ja baya. Kwale-kwale suna kawo gishiri, da zuma, da auduga, da baƙin dutsen nan mai kaifi da ake yin wuƙa da shi. Ganuwa ta kewaye garin ta ɓangare uku, teku ya tsare na huɗun, ƙofofinta biyar ƙanana ne, mutum ɗaya-ɗaya ake bi. Kana fitowa daga ƙofar sai fili ya buɗe, can gaba babban haikalin yana tsaye a kan gaɓar dutse mai tsayin mita 12, ruwa shuɗi a bayansa. A 1518 jiragen ruwan wani Basifaniye, Juan de Grijalva, suka gifta ta nan, limamin da ke cikinsu ya rubuta cewa sun ga gari da bai gaza birnin Sebiya na Sifaniya girma ba. Da mutane a ciki a lokacin.

Gaskiyar magana, kyan Tulum na wurin da aka ɗora shi ne. Gine-ginen ƙanana ne, aikin dutsen bai kai na Chichen Itza ba ko kusa, an kuma kewaye su da igiya, don haka zanen bangon da ke cikin haikalin zane ba ganinsa za ka yi ba. Abin da za ka iya dubawa da kyau shi ne siffar da ke saman ƙofar wani ƙaramin haikali, mutum ƙafafu sama kai ƙasa kamar mai nutso daga sararin sama. Awa ɗaya da rabi ta isa a zaga ko'ina. Rana a nan ma ba ta da sauƙi, kuma tun da aka buɗe gandun Parque del Jaguar a 2024, wanda ya haɗe kufan a cikinsa, kuɗin shiga ya ƙaru, tafiyar ƙafa daga inda mota take tsayawa ma ba kaɗan ba ce. Daga Afrilu zuwa Agusta kuma ciyawar teku da ake kira sargaso takan taru a gaɓa, ta mai da ruwan ruwan ƙasa, ga wari. Wanda hoton shuɗin ruwa ya ja shi ya san da wannan.

To wa ya kamata ya zaɓi Tulum? Mai rabin yini, da wanda ya sauka a Playa del Carmen, garin da ke tsakanin Kankun da Tulum, inda ƙananan motocin haya suke kai mutum cikin awa ɗaya, da iyalin da ba za su jure doguwar tafiya ba. Wanda kuwa yake son ya fahimci abin da Mayawa suka iya na lissafi da gini, Tulum shi kaɗai zai bar shi da ƙishirwa.

Koba, da za ka ga an rubuta Cobá a takardun talla, yana kilomita 45 daga Tulum zuwa cikin daji, kusa da tafkuna. Ya girmi Tulum nesa ba kusa ba, kuma yawancinsa har yau yana ƙarƙashin itatuwa. Daga nan fararen hanyoyin dutse da Mayawa suke kira sakbe suka fita ta kowace kusurwa, ɗaya ta miƙe kilomita 100 har garin Yashuna. Gine-ginen suna nesa da juna, don haka ana hayar keke, ko a hau keke mai ƙafa uku wani ya tuƙa ka. Ga inuwa, ga kukan tsuntsaye, ga sauro. A taho da maganin shafawa. Dalarsa, Nohoch Mul, mita 42 ce, ta fi ta Chichen Itza tsayi. Shekara da shekaru hawanta ne yake jan mutane, sai aka rufe a 2020, don haka kada ka biya kuɗi saboda tsohon hoton mutane a samanta sai dillali ya tabbatar maka da dokar da ake bi a makon. Tulum da safe, Koba da rana haɗi ne mai ma'ana tunda hanya ɗaya ce. Abin da nake roƙon mai karatu ya guje wa shi ne tafiyar da ta cusa Tulum, da Koba, da senote, da Playa del Carmen duk a yini guda. Ba za a bar ka ka nutsu a ko ɗaya ba.

Ek Balam

Wannan ne wurin da na fi so mutane su sani. Yana arewa da Valladolid, tafiyar rabin awa, kusan awa biyu daga Kankun, kuma manyan bas-bas ba su cika zuwa ba. Babban gininsa ya kai tsawon mita 160, tsayinsa ya haura mita 30. A tsakiyar hawan, ƙarƙashin rufin ganyen kaba da aka yi don kare shi daga ruwan sama, akwai ƙofar kabarin sarki Ukit Kan Lek Tok, wanda ya hau mulki a 770. An yi ƙofar da siffar bakin dodo a wangame, haƙora jere a ƙasa da sama, duk da farin shafe. A gefenta mutane ne a tsaye masu fukafukai, kana ganin kitson kansu, da ɗaurin ɗamararsu, da yatsunsu, wani ma yana zaune a kan fatar idon dodon ya saki ƙafa ɗaya. Dalilin da ya sa aikin ya tsira haka shi ne Mayawan da kansu suka rufe shi da bango, ya zauna a ɓoye har masu tono suka buɗe shi a ƙarshen shekarun 1990. A sauran birane irin wannan shafen ya zube tun tuni, dutse tsirara ya rage. Sai a nan mutum yake gane cewa biranen nan a zamaninsu a shafe suke, da ado, da launi.

An saba barin mutane su hau wannan ginin, daga sama kuma daji ne shimfiɗe iyakar ganinka. Matakalar tana da tsayi da tsini, saukowa ta fi hawa wuya, mai ciwon gwiwa ya tsaya a hawan kabarin. Nan ma tikiti biyu ne tunda jihar Yukatan ce. Kusa da kufan akwai senoten Shkanche, wanda mutanen ƙauyen suke gudanarwa da kansu. Idan aka ce in zaɓar wa mai yini biyu, zan ce Chichen Itza da sassafe, kwana a Valladolid, washegari Ek Balam. Valladolid ɗin ma ya fi ƙarfin mintuna talatin da bas take ba shi: Sifaniyawa sun kafa shi a 1543, bayan shekara biyu suka mayar da shi kan garin Mayawa na Saki, suka yi gini da duwatsun haikalin da suka rushe.

Abin da ke cikin Kankun kansa

Dillalai ba sa tallata wannan da ƙarfi saboda kamashonsa kaɗan ne, alhali shi ya kamata a fara da shi. Unguwar otal-otal siririn tsibiri ne da titi ɗaya, Bulebar Kukulkan, kuma da lambar kilomita ake kwatance. A kilomita 16.5 gidan tarihin Maya yake, Museo Maya de Cancún, da aka buɗe a 2012, an ɗaga ɗakunansa sama saboda guguwa da ambaliya. A ciki akwai tukwane masu zane, da kayan ado, da allunan dutse masu rubutu, a cikin sanyi, kusa da idonka. Awa biyu a nan za su koya maka yadda Mayawa suke ƙirga da ashirin-ashirin, ɗigo yana nufin ɗaya, sanda tana nufin biyar, da alamar sifili, da yadda kalandarsu ta kwana 260 take tafiya tare da ta kwana 365. Wanda ya shiga Chichen Itza da wannan a kansa ba kallon duwatsu kawai zai yi ba. Tikitin ya haɗa da kufan San Miguelito da ke harabar, cikin inuwar itatuwa. Ba a buɗewa ranar Litinin.

Gaba kaɗan, a kilomita 18, El Rey ne, ƙauyen masunta da 'yan kasuwa mai gine-gine 47, cike da manyan ƙadangarun iguwana suna shan hantsi a kan duwatsu. A arewacin gari kuma, hanyar Punta Sam, akwai El Meco da dalarsa mai mita 12.5, tana fuskantar tsibirin Isla Mujeres. Bas ɗin gari mai lamba R1 ko R2 yana kai mutum gidan tarihin da kuɗi kaɗan. Ana sayar da zagayen gari na rabin yini da jagora, amma a duba takardar da kyau: wasu zagayen sun fi ba kasuwar Mercado 28 da ɗanɗanon giyar tekila lokaci fiye da kufan. Ga dattijo, ga mai juna biyu, ga mai ƙananan yara, gidan tarihin da El Rey sun wadatar, kuma babu wanda zai ce bai ga kayan Mayawa ba. Ba su da girman da zai sa mutum ya riƙe baki, wannan kam sai an fita.

Batun jagora ya fi batun mota muhimmanci. Na gaskiya yana rataye da katin ma'aikatar yawon buɗe ido, SECTUR, kuma ba laifi ba ne ka nemi gani. Ka gwada shi da tambayar filin ƙwallo: wa ake fille wa kai, wanda ya ci ko wanda aka ci? Wanda ya ce masana ba su daidaita a kai ba, ka riƙe shi. Wanda ya fara ba ka labarin halittu daga wata duniya, ko ya ce Mayawa sun ɓace, ya cuce ka, ya kuma cuci mutanen da yake cin abinci da sunansu. Ba su ɓace ba. Fiye da mutum 700,000 suna magana da harshen Maya na Yukatan a yau. Mai tuƙa ka a Koba, da matar da take sayar da farar riga mai surfani a Valladolid, da masu gyaran ɗaki da yawa a otal-otal ɗin Kankun, su ne. A 1562 limamin coci Diego de Landa ya tara littattafansu a garin Mani ya cinna musu wuta, huɗu kawai aka sani sun rage a duniya. A 1847 suka tayar wa masu mulkinsu, suka riƙe dajin gabas har 1901. Jagoran da ya taso a ɗaya daga ƙauyukan nan yana faɗin wannan tarihi da wata murya dabam, kuma kuɗinka ya shiga inda ya dace. Haka masu teburan Chichen Itza: takurarsu gaskiya ce, amma mutanen garuruwan kewaye ne masu neman na tuwo. Ka taya da mutunci ko ka wuce da fara'a. A ƙarshen tafiya kuma ana ba jagora da direba tukwici, a ware shi tun daga otal.

Musulmi yana da ƙarin tambayoyi kafin ya biya. Abincin da aka fi alfahari da shi a Yukatan, cochinita pibil, naman alade ne, kuma ana yawan sa kitsen alade, manteca, a wake da wasu kayan masara, don haka kallon faranti bai isa ba sai an tambaya. Kifi, da shinkafa, da 'ya'yan itace sun fi kwanciyar hankali, guzuri a jaka ya fi duka. Wasu tafiye-tafiyen suna tsayawa a inda wani mai tsubbu zai turara baƙi da hayaƙi da sunan tsarkakewa. Ba dole ba ne, kana iya ja da baya cikin ladabi babu mai ce maka komai. Wankan senote, kamar na Ik Kil kusa da Chichen Itza inda ruwan yake can ƙasa mita 26 da saiwoyi suna reto daga sama, maza da mata a haɗe ake yi cikin kayan ninƙaya. Wanda hakan bai yi masa ba yana iya kallo daga sama, ko ya ɗauki motar kansa ya je ƙaramin senote da wuri. Babbar bas ba za ta tsaya don salla ba, lokacin abinci ne damarka, alƙibla kuma arewa maso gabas take. Iyali mai mutum biyar ko shida su yi lissafi da kyau: kuɗin kujeru shida a ƙaramar mota yakan kusanci na ɗaukar mota da jagora sukutum, wadda za ta tsaya inda kuka ce, ta tsallake shagon da ba ku so.

Lokacin zuwa ma yana sauya zaɓi. Daga Nuwamba zuwa Maris iska da daɗi, amma jama'a sun fi yawa. Afrilu da Mayu zafi ne mai gasa mutum, a nan inuwar Koba da sanyin gidan tarihi suke ƙara daraja, filin Chichen Itza da tsakar rana kuwa ya zama abin gudu ga tsoho da yaro. Daga Yuni zuwa Nuwamba damina ce da haɗarin guguwar teku, don haka a zaɓi mai tafiyar da zai mayar da kuɗi idan an fasa. Ranar Lahadi 'yan ƙasa da mazauna suna shiga wuraren INAH kyauta, cunkoso yana ƙaruwa, gara a sa doguwar tafiya tsakanin Talata da Alhamis. Hula mai faɗi, ruwa isasshe, takalmi mai riƙe ƙafa, da tsabar kuɗin peso a aljihu, domin masu keken Koba da ƙananan senote ba duka suke karɓar kati ba.